Kana Gudun Cajar Jabu, Amma Kana Zuba wa Kwamfireso Kwandam?

Na san wasu za su ga kan wannan rubutu su ce, yau kuma me ya haɗa shafin waya da kwamfuta da zancen man inji? Ku ɗan ara mini hankalinku. Da yawa daga cikin masu karanta mu ba a ofis suke wuni ba. Wani yana garejin feshin mota, wani yana wurin haɗa kujeru, wani ma'aikaci ne a kamfanin ruwan roba, wani kuma yana bin motar haƙar burtsatse. Wayar da ke hannunsu, da datar da suka sa suke karanta wannan rubutu, duk daga guminsu da gumin injin matse iska suka fito. Don haka zancen kwamfireso zancenmu ne.

A bazarar da ta wuce na je gaida Baffana, ƙanin mahaifina, a shagonsa na feshin kujeru da gadaje da ke wani lungu tsakanin Ƙofar Ruwa da Dala. Na tarar ya zabga tagumi, yaran shago sun yi cirko-cirko, bakanike ya kwance kan kwamfireso ya baje a kan kwali. Saura kwana 4 a kai kayan ɗakin wata amarya, an riga an karɓi kuɗi, ga inji ya ƙi tara iska. Bakaniken ya ɗago bawul ya nuna mana. Wani baƙin abu ne ya daskare a jikinsa, sak ƙanzon tukunyar tuwo, sai da ya sa wuƙa yana kankarewa.

"Alhaji, wane mai kake zuba masa?"

"Wanda kowa yake zubawa mana. In maƙocina ya yi juyen motarsa sai ya aiko mini da galan guda."

Bakanike ya girgiza kai ya ci gaba da kankara. Ni kuwa na kasa yin shiru. Na ce, "Baffa, ba kai ne ranar nan ka hana ni sa wayarka a cajata ba, ka ce ba ka san asalinta ba?"

Ya harare ni. "Kai ɗan nan, waya ai kuɗi ce."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Baffa, ai wannan injin ne ya sayi wayar."

An dai fita kunyar amarya, amma da hayar injin wani, da kuɗin gyara, da sake goge kujeru biyu waɗanda fentinsu ya yi tabo-tabo saboda man da ya riƙa biyo iska. Abin da Baffa ya kashe a makon nan ya isa ya saya wa injin man kirki na shekaru.

Ra'ayina a kan wannan lamari a fili yake. A gari mai zafi da ƙura irin Kano, duk kwamfireson da ke aiki awanni masu yawa a rana ya cancanci man sintetik. Kuma babban kuskuren da muke yi shi ne auna mai da kuɗin lita, alhali da kuɗin awa ake auna shi. Amma maganar tana da sharuɗɗa, kuma akwai wanda zan ce masa kada ya saya. Bari mu bi abin daki-daki.

Me mai yake yi a cikin kwamfireso?

Duk wanda ya taɓa ba ƙwallo ko tayar keke iska da famfon hannu ya san bakin famfon yana yin zafi. Haka iska take: in ka matse ta sai ta yi zafi. A gaskiya ma kusan duk wutar da kwamfireso ke sha zafi take komawa, kaɗan ce ke zama amfani. Tayar mota bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka, kwamfireson shago kuwa yana matse iska zuwa bar 8 ko 10. A injin fistan, wanda shi ne a wurin masu faci da masu feshi, iskar da ke fita ta bawul takan kai zafin digiri 150 zuwa 200.

Akwai kuma babban injin masana'antu mai sukuru, wanda wasu ƙarafa biyu masu murɗaɗɗen zare ke juyawa a cikinsa suna matse iskar. Shi ne irin na su Atlas Copco, Ingersoll Rand, Kaeser da Elgi da ake gani a Sharaɗa, Challawa da Bompai, da kuma a bayan motocin haƙar burtsatse. A cikin wannan injin, mai ba santsi kawai yake bayarwa ba. Shi ke kwashe zafi, shi ke toshe 'yan kafofin da ke tsakanin ƙarafan don kada iska ta koma baya, shi ke kare boris daga cinyewa. Ana fesa shi ne kai-tsaye cikin iska mai zafi, a raba su a gaba, a sanyaya shi, a sake fesawa, haka dai ba tsayawa.

To ka tuna da kaskon mai ƙosai. Man gyaɗan da aka yi ta suya da shi yakan yi duhu, ya yi kauri, ya canza wari, gefen kasko ya yi danƙo. Zafi da iska ne suka haɗu suka ƙona shi a hankali. Abin da ke samun man kwamfireso ke nan, sai dai shi a cikin matsattsiyar iska yake, ƙonewarsa ta fi sauri. In ya ƙone sai ya bar ƙanzo a bawul, ya bar danƙo a bututu da wurin sanyaya mai. Bawul ya daina rufuwa da kyau, inji ya daɗe bai cika tanki ba, zafi ya ƙaru, mai ya ƙara ƙonewa. Kuma ƙanzon nan ba ɓata aiki kawai yake yi ba. In ya taru a bututun da iska mai zafi ke bi, yana iya kamawa da wuta. A lungunan cikin gari, inda shago ke jingine da shago, ga tina ga fenti ga soso ga katako, wannan ba abin wasa ba ne.

Shi ya sa baƙin man mota, ko sabo ne dal, bai dace da kwamfireso ba. An haɗa shi da sinadaran wanke datti saboda hayaƙin fetur, kuma su waɗannan sinadarai a kwamfireso toka suke bari, su riƙe ruwa a cikin mai, su sa shi kumfa. Kwandam kuwa, wato man da aka riga aka juye daga mota, ba a ma magana. Ya gama aikinsa, yana ɗauke da garin ƙarfe da ƙura da ɓurɓushin fetur. Zuba shi a inji kamar ba mara lafiya ruwan kwata ne.

Minaral da sintetik: ina bambancin?

Man minaral daga ɗanyen mai ake tace shi. Ƙwayoyinsa ba girmansu ɗaya ba, kamar duwatsun da aka kwaso daga bakin rafi, wani babba wani ƙarami. In zafi ya zo, ƙananan su fara tashi su bi iska, raunanan su fara ƙonewa. Man sintetik kuwa gina shi ake yi a masana'antar sinadarai, ƙwayoyinsa kamar bulo ne da aka buga da ma'auni ɗaya. Shi ya sa ya fi jure zafi, kaurinsa ba ya saurin canzawa tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar ɗin bazara, kuma ƙanzon da yake bari kaɗan ne.

Ba sabon abu ba ne. Jamusawa sun yi aiki sosai a kansa tun shekarun 1930 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda ƙarancin ɗanyen mai da kuma tsananin sanyin da ke daskarar da man minaral. Bayan yaƙi, injinan jirage masu jet suka zo da zafin da sai shi. A 1974 Mobil 1 ya shigo kasuwar masu mota.

A kwamfireso, manyan iri uku ne za ka riƙa gani a jikin jarka. Akwai PAO, wanda ya fi yawa a injinan sukuru. Akwai esta, wanda ya yi suna a injinan fistan saboda ba ya barin ƙanzo sosai. Sai PAG, wanda wasu kamfanoni ke zubo wa injinansu tun daga masana'anta. Sannan akwai lambar kauri. Yawancin injinan fistan ISO VG 100 suke so, yawancin na sukuru kuma ISO VG 46. Misali, Mobil Rarus 427 minaral ne na injin fistan, Rarus 827 shi ne ɗan'uwansa sintetik. TotalEnergies na da Dacnis, Shell na da Corena, kowanne da nasa minaral da nasa sintetik. Ba talla nake musu ba, so nake ka gane cewa sunan kamfani kaɗai bai isa ba, sai ka karanta lambar da ke gaba.

Me ya sa Kano ta fi buƙata?

Akwai wata ƙa'ida da masu harkar mai suka daɗe suna aiki da ita: in zafin mai ya ƙaru da digiri 10 a kan inda ya kamata ya tsaya, ƙwarinsa yakan ragu da rabi. Ƙarin digiri 20 ya mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu. Injin sukuru an tsara shi ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 95, kuma yawancinsu suna kashe kansu in sun doshi 110.

Yanzu ka kawo wannan injin Kano a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke kaiwa digiri 40 a inuwa. Ka sa shi a ɗaki mai rufin kwano ba taga. A cikin ganuwa kuwa fili ya yi tsada, don haka sau da yawa kwamfireso a ƙarƙashin bene yake, ko a kusurwa kusa da janareta, yana zuƙar zafin da janareta ya fitar. Kafin ya fara matse iska ma, iskar ta riga ta gasu. Awannin da kamfani ya rubuta a jikin jarka ba da wannan ɗakin aka lissafa su ba.

In bazara ta wuce sai damina ta zo da nata. Iskar damina cike take da laima, in an matse ta sai ruwa ya fito ya taru a tanki ya shiga mai. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo ne, ƙura mai laushi kamar garin fulawa tana toshe filta da wurin sanyaya mai. Wato shekarar Kano gaba ɗayanta jarrabawa ce ga mai.

Kuma kada ka ɗauka abin bai shafe ka ba don ba ka da shago. Kano a kan dutse take zaune, kamar yadda Dala da Goron Dutse ke nunawa. Shi ya sa haƙar burtsatse a nan sai da guduma mai aiki da iska, wadda babban kwamfireso ke turawa da ƙarfin bar 20 ko fiye, a tsakiyar rana, cikin ƙurar dutsen da shi kansa yake tayarwa. In wannan injin ya tsaya, aikin unguwa ne ya tsaya, a ci gaba da jiran 'yan garuwa.

Mu zo ga lissafi

Man minaral na injin sukuru, yawanci awa 2,000 ake ba shi, masu kyau sosai su kai 4,000. Sintetik irin PAO ko PAG kuwa awa 8,000 ake ba yawancinsu. Ɗauki kamfanin da injinsa ke aiki awa 16 a rana, kwana 6 a mako. A shekara ya yi kusan awa 5,000.

Mu ƙaddara litar sintetik ta ninka ta minaral sau uku a kuɗi. Mai saye zai tsaya a gaban kanti ya ce wannan ai zalunci ne. Amma kafin ka juye sintetik sau ɗaya, ka juye minaral mai awa 2,000 sau huɗu. Uku da huɗu, wa ya fi yawa? Wannan kuɗin mai ne kawai. Ba mu sa kuɗin bakanike na kowane juye ba, ba mu sa awannin da inji zai tsaya ma'aikata suna zaune ba, ba mu sa ranar da danƙo zai toshe wurin sanyaya mai a kira mai gyara daga nesa ba. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, duk wani ƙarfen gyara da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan yanayi, abin da zai tsawaita ran ƙarfe ba almubazzaranci ba ne. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Zafin Kano zai rage awannin duka biyun, na yarda. Amma ya fi cin minaral, don shi ne mai saurin ƙonewa. Wato inda aka fi shan zafi, nan ne tazarar ta fi faɗi.

Akwai kuma wata riba da ba ta shiga aljihu. Duk juye ɗaya da aka rage, galan-galan ne na tsohon mai da ba za su ƙare a kwata ba. Wanda ya san yadda ruwan Jakara yake idan ya ratso cikin gari ya san ba ya buƙatar ƙari.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na farko zai ce, ni mai faci ne a bakin titi, injina bai fi ya yi awa 2 a rana ba, me zan yi da man masu kuɗi? Wannan yana da gaskiya, kuma shi ne wanda na ce kada ya saya. Awa 2 a rana bai wuce awa 700 da 'yan kai a shekara ba. Mai kuwa ko ba a yi aiki da shi ba yana tsufa, ruwa da ƙura suna shigarsa, shi ya sa kamfanoni ke cewa a juye in awanni sun cika ko in wa'adin watanni ya cika, duk wanda ya riga zuwa. Mai irin wannan injin ba zai taɓa cin ribar doguwar rayuwar sintetik ba. Abin da ya dace da shi shi ne ainihin man kwamfireso na minaral mai lamba 100, ya riƙa juyewa duk bayan wata 3. Faɗana da shi ba a kan sintetik ba ne, a kan kwandam ne.

Na biyu zai ce, kasuwa cike take da jabu, ta yaya zan biya kuɗin sintetik a ba ni algus a tsohuwar jarka? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Man jabu mai sunan sintetik ya fi minaral na gaskiya haɗari, domin mai shi zai saki jiki ya bar shi awa 8,000. Amma maganin jabu ba komawa ga kwandam ba ne. Kai da ka san yadda ake gane wayar asali da lambar IMEI, ka san ba a sayen sabuwar waya da ɓallen kwali. Haka mai yake: daga wakilin kamfani, jarka a rufe da hatiminta, da lambar haɗi da ranar haɗi a jiki, da rasit. Man da aka ɗura maka a robar ruwa daga buɗaɗɗen duro, ko an rantse maka, ba ka san mene ne ba.

Ka kuma sani ita kanta kalmar sintetik tana da faɗi. A 1999 an yi jayayya a Amurka tsakanin Mobil da Castrol a gaban wani kwamitin sasanta rigingimun talla, aka yanke cewa man da aka tace daga ɗanyen mai tacewa mai zurfi shi ma ana iya kiransa sintetik. Irin wannan mai ba shi da laifi, ya fi minaral na gama-gari, amma ba lallai ya kai PAO ko esta ba. Don haka kada babban rubutun gaban jarka ya ruɗe ka.

Na uku shi ne mai sayarwa da zai ce maka sintetik zai rage maka kuɗin wuta sosai. A nan ni ne zan ja da shi. Yana ragewa, amma ɗan kaɗan ne. Inda kuɗin wuta ke zurarewa shi ne yoyon iska. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a masana'antar da ba a kula da ita, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da aka matse ta wurin yoyo take tafiya. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin Band A Naira 225 kowane yunit. A wannan farashi, inji mai kilowat 37 da ya yi awa 10 yana aiki sosai ya sha wutar sama da Naira 83,000. Kashi 20 na wannan ya haura Naira 16,000 a rana guda, a kan "tsiii" ɗin nan da kowa ya saba ji a shago har ya daina jinsa. Ruwan sabulu da sabon kilif sun fi kowane mai maganin wannan.

Inda sintetik ke iya jawo ɓarna

Garin neman gira kada a rasa ido. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata ka sani kafin ka canza.

Na ɗaya, ba a haɗa mai da ka. PAG ba ya jituwa da minaral ko PAO. In suka haɗu suna iya yin kauri da laka su toshe filta. Kafin ka ƙara wa injin sukuru mai, ka tabbatar da wanda ke ciki.

Na biyu, in za ka tashi daga minaral zuwa sintetik, a juye tsohon tun inji na da ɗumi, a canza filtar mai da mai raba iska da mai, a bi ƙa'idar wankewa da kamfani ya bayar. Sintetik, musamman esta, yana narkar da tsohon danƙo, don haka juyen farko kada a bar shi ya daɗe, kuma a sa ido a kan filta.

Na uku, wasu man sintetik suna cin wasu nau'o'in roba da fenti, har da farin kofin roba da ke jikin filtar iska a bakin layi. Bututun ruwa na PVC kuwa tun asali bai kamata a bi da matsattsiyar iska ta cikinsa ba, ko da wane mai ake aiki, don in ya fashe tarwatsewa yake yi kamar kwalba.

Na huɗu, sintetik ba ya tayar da matacce. Injin da ringinsa ya cinye, ko yake yoyon mai, gyara yake buƙata. In ka zuba masa mai tsada, mai tsada zai zubar.

Ga masu harkar abinci da abin sha akwai ƙari. Iskar da ake hura robar ruwa da ita, wadda kan kai bar 40, cikin robar da mutum zai sha take shiga. A nan ko dai injin da mai ba ya taɓa iskarsa, ko man da aka yi don masana'antar abinci mai alamar NSF H1, tare da filtoci masu kyau. Lambar NAFDAC a jikin roba amana ce, ba ado ba.

Aikin wayarka

A nan ne nake ganin matasa ke da abin yi. Iyayenmu da iyayen gidanmu sun san inji da kunne da hannu, sanin da mu ba mu da shi. Mu kuma muna da abin da su ba su damu da shi ba, wato ajiye bayani. In an haɗa biyun an gama.

Ka fara da ɗaukar hoton ɗan farantin da ke jikin injin, mai ɗauke da suna da lamba. Ka nemi littafinsa a intanet, ka duba wane mai da wane kauri aka ce a zuba.

In za ku sayi mai, ka rubuta cikakken sunansa a Google ka ƙara haruffan TDS. Takardar bayanin man za ta fito, a ciki za ka ga ko minaral ne, ko PAO, ko esta, ko PAG, da irin injin da aka yi shi dominsa. Man da ka nema ka rasa takardarsa, ka bar wa mai shi kayansa.

Ka riƙa rubuta awanni. Manyan injina suna da mitar awa a jikinsu, ƙanana kuma ana iya ɗaura musu, ba ta da tsada. Ranar juye, ka ɗauki hoton mitar da jarkar, ka tura wa kanka a WhatsApp, ka sa tunatarwa a kalandar waya.

Ka yi amfani da agogon wayarka ka auna minti nawa injin fistan ke ɗauka ya cika tanki daga babu komai. Ka rubuta, ka maimaita duk wata. Ranar da ka ga lokacin ya fara tsawo, bawul ko ringi ne ke maka sallama tun kafin su kwanta. Da Baffa yana da wannan lissafin, da ba a saura kwana 4 biki ya sani ba.

In da hali ku sayi bindigar auna zafi. Ba irin ta goshi da aka yi yayi lokacin korona a 2020 ba, waccan don auna zafin jikin mutum aka yi ta. Akwai ta masana'antu mai auna ɗaruruwan digiri. Ka riƙa auna wuri ɗaya a lokaci ɗaya kana rubutawa.

Sauran kuwa ba sa buƙatar data: a buɗe ƙasan tanki kullum a zubar da ruwa, don tsatsa daga ciki take cin tanki har wata rana ya fashe. A duba filtar iska akai-akai, musamman da hunturu. A raba inji da janareta, a ba shi wurin shan iska. Man da ya fi kowane tsada a duniya ba zai ceci injin da aka kulle a ɗaki ba taga ba.

Ina kuma kira ga masu haɗa man inji na cikin gida, Kano ma tana da nata irin su Ammasco, da dillalan manyan kamfanoni, da su yawaita kawo man kwamfireso a ƙananan robobi na lita 1 a rufe, da bayani da Hausa a jiki. Injin mai feshi bai fi ya sha lita 1 ko 2 ba. In abin da ke gabansa jarkar lita 20 ce kawai, to an tura shi wurin mai buɗaɗɗen duro ne. Hukumar SON kuma ta riƙa leƙa kasuwar man masana'antu kamar yadda take leƙa ta man mota.

Garin nan ya ginu ne a kan sana'ar hannu. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da Kasuwar Kurmi, marinan Ƙofar Mata da dukawa da maƙera ba su yi suna da sayen kayan aiki mafi araha ba, sun yi suna ne da sanin kayan aikinsu. Kayan aikin ne suka canza, ƙa'idar tana nan.

Baffa dai yanzu man esta mai lamba 100 yake zubawa, bayan an canza masa bawul da ringi, an kuma fasa taga a bayan injin. Ni ne mai riƙe masa lissafin awa a wayata. Har yau bai yarda ya sa wayarsa a cajata ba, kuma na daina yi masa musu a kan haka.

Kai fa mai karatu, wane mai ake zubawa a injin shagonku, kuma yaushe rabon da a juye shi? In ba ka sani ba, gobe da safe ka tambayi maigida, cikin ladabi. Ku ajiye mana abin da kuka gano a wurin sharhi. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu daga asara da gobara.